Baƙin Tabaraun Mai Agogo

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Akawu, saboda ya yi shekara talatin yana buga takardu a wani ofis kafin ya yi ritaya. Mutum ne mai tsabta, mai cika alkawari, kuma ba ka taɓa ganin hannunsa babu littafi. Sai dai ba kowane littafi yake karantawa ba. Shi nasa ƙagaggun labaran tarihi da na siyasa ne, irin waɗanda ake juyin mulki a ciki, a kama wannan, a rataye wancan, aboki ya sayar da aboki. Karatu kam ba laifi ba ne. Laifin Akawu shi ne ya ɗauka tunda ya gane mutanen cikin littafi, to na waje ma ya gama gane su. Ko sau ɗaya kuka gaisa, kana juya baya zai kaɗa kai ya ce, "Na san irinsa, na karanta shi."

Littattafan nan suna shigarsa ba da wasa ba. An taɓa kashe wani jarumi a babin ƙarshe, Akawu ya yi kwana biyu ba ya iya cin abinci. Amma abin da ya fi alfahari da shi shi ne, kafin ya kai rabin littafi ya riga ya gano maci amanar da ke ciki. Sai ya ninke shafin, ya je yana yi wa matarsa burga.

"Maigida," in ji ta wata rana, "mutanen littafin nan naka wani ne ya zauna ya ƙera su yadda yake so. Na waje Allah ne ya yi su, kuma ba babi-babi suke zuwa ba."

"Ke dai ji da tukunyarki," in ji shi yana dariya.

Kullum da yamma Akawu yakan zauna a benci a ƙofar shagon wani mai aski, inda dattawan layin ke taruwa ana hira. A cikinsu akwai amininsa, Mai Agogo, wanda tun suna firamare benci ɗaya suke zama. Ɗan teburinsa na gilashi yana daura da shagon askin, cike da agogunan mutane, da hantsaki, da ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalba.

Ana nan sai hukuma ta ce za ta rushe shagunan bakin titi. Wani direba da ke zama a majalisar ya saki baki ya zagi manya son ransa. Bayan kwana uku 'yan sanda suka zo suka tafi da shi. Da aka sako shi, ya dawo fuska a kumbure, ba ya son magana. Daga nan tambaya ɗaya ta zauna a bencin: wa ya kai maganar? Babu wanda ya tuna cewa Direba ya yi zagin nan a tasha ma, a gaban mutum ya fi ɗari.

Akawu ya koma gida kansa yana zafi, ya fara jera alamu kamar yadda ya saba yi wa littafi. Mai Agogo ya fara sa baƙin tabarau a 'yan watannin nan, har da yamma. Idan ya iso majalisa, kafin ya zauna sai ya ce, "Su wa ke nan?" Idan wani ya yi magana daga nesa, sai ya karkata kai ya ce, "Wa ya faɗi haka?" Sannan duk ranar Talata yakan rufe teburinsa da safe, bai taɓa faɗa wa kowa inda yake zuwa ba. Gaban Akawu ya faɗi, amma, Allah ya kyauta, har da wani daɗi-daɗi da ya ji a ransa, irin wanda yake ji idan ya gano maci amana tun kafin rabin littafi.

Ranar Talata ya bi amininsa a baya. Ya ga ya ratsa kasuwa a hankali yana bin gefen bango, har ya shiga wani lungu da ke jikin ofishin 'yan sanda. A nan Akawu ya tsaya. Bai ƙarasa lungun ba. Me zai ƙarasa ya gani? Ai ya riga ya san ƙarshen labarin.

Da yamma, kafin Mai Agogo ya iso, Akawu ya gyara zama ya ce, "Ni ban kama sunan kowa ba. Amma ku lura da mai yawan tambayar sunaye, mai ɓoye idonsa, ku kuma tambayi kanku ina yake zuwa ranar Talata." Ya jera musu maganar tsaf, har Mai Aski ya tsaya da almakashi a hannu, baki buɗe.

Can sai ga Mai Agogo. Ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Ya ce, "Su wa ke nan?" Shiru. Ya sake tambaya yana murmushi, ya ɗauka wasa ne. Mutum bakwai suna zaune, ba wanda ya ce uffan, ba wanda ya matsa masa wurin zama. Ya daɗe a tsaye yana juya kai dama da hagu, sannan ya juya ya tafi. Akawu ya sunkuyar da kai a kan littafinsa kamar yana karatu.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo ta cika layin. Mutane suka riƙa zuwa suna karɓe agogunansu, gyararru da marasa gyara. Ba a yi wata guda ba aka ga kwaɗo a teburin gilashin.

Wata safiya 'yar Mai Agogo ta yi sallama a gidan Akawu, ta durƙusa ta miƙa masa wani agogon hannu da ya manta ma ya ba da gyara.

"Baba ya ce in kawo maka. Shi ne na ƙarshe da ya iya gyarawa, da lalube ya ƙarasa shi, kafin idon ya rufe gaba ɗaya."

"Wane ido?" in ji Akawu.

"Au, Baba, ba ka sani ba? Ai ya kai shekara ganinsa yana raguwa. Duk Talata yana zuwa wurin likitan ido, can ƙarshen lungun da ke jikin ofishin 'yan sanda. Ya hana mu faɗa wa kowa, wai wa zai ba makaho agogonsa."

Akawu ya miƙe zumbur. Ko takalmi bai sa daidai ba ya bi ta. Ya tarar da amininsa zaune a kan tabarma, ya rame, tabaraun yana ajiye a gefe.

"Akawu, kai ne. Na san takunka," in ji Mai Agogo. "Na kuma san kai ka faɗa. Babu mai iya jera magana haka a layin nan sai kai. Shekara hamsin muna tare, me ya hana ka tambaye ni? Tambaya ɗaya tak."

Akawu ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, yana ba da haƙuri.

"Na yafe maka duniya da lahira. Amma ka je ka kwashe abin da ka zubar. Makanta daga Allah ce, na karɓa. Sunan ɗan rahoto ne ba na so a binne ni da shi."

A ranar Akawu ya tsaya a gaban majalisa ya warware musu komai, ya ce ƙarya ya yi, zato ne kawai. Suka kalli juna.

"Akawu, kai ma hukuma ta saye ka ke nan?" in ji Mai Aski.

Direba ya ce, "Ba kai ka koya mana cewa maci amana ba ya rasa uzuri ba? A wani littafi da ka ba mu labari, ba wani ne ya yi makantar ƙarya har shekara uku ba?"

Ya rantse, ya yi magiya, ya kawo musu katin asibiti, suka ce ai kati ana bugawa. Ya bi gida-gida, kowa ya saurare shi da ladabi, ya rufe ƙofa yana riƙe da labarin farko, don ya fi daɗin ji.

Mai Agogo bai ƙara wata huɗu ba ya rasu. Duk 'yan majalisar babu wanda ya raka gawarsa sai Akawu, kuma a hanyar dawowa ya ji wani a bayansa yana raɗa wa wani, "Ɗan rahoton nan ne aka kai."

Tun daga ranar Akawu bai ƙara kai littafi ƙarshe ba. Da zarar an fara zargin wani a ciki, sai ya rufe shi. Tsoro yake ji, da kunya. Da rana tsaka sai a gan shi tsaye a gaban teburin gilashin da ke kulle, ya kara kunnensa a jiki. Ya ce yana jin wani agogo yana bugawa a ciki. 'Yar Mai Agogo ta zo ta buɗe kwaɗon a gabansa, ta nuna masa.

"Babu komai, Baba. Tun tuni na kwashe."

Ya gyaɗa kai, ya yi mata godiya. Washegari aka sake ganinsa a wurin.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Littafi yana buɗe ido, amma mai littafi shi ya shirya alamunsa don su kai ka inda yake so, rayuwar mutane kuwa ba wanda ya shirya maka ita. Idan ka ga abin da ya ɗaure maka kai game da ɗan'uwanka, ka ƙarasa bincike, ka tambaye shi ido da ido kafin ka buɗe baki a cikin jama'a. Mai ƙazafi yana iya tuba, wanda aka yi wa yana iya yafewa, amma maganar da ta shiga kunnen mutane ba ta dawowa don mai ita ya yi nadama.