Gwamma da Tsutsar Kanya

Dalilin da ya sa, yarana, za ku ga gida guda haƙora na ruɓewa tun daga kaka har jika, na maƙwabta kuwa garau, ga shi.

A da can haƙori ba ya ciwo. Sai wata shekara fara ta sauka, ta cinye gero tun yana tsaye. Akwai wata mace, Gwamma, mijinta ya tafi kudu neman abinci bai dawo ba, ya bar ta da 'ya'ya uku. Suka ci dusa har ta ƙare. Ranar da autarta Kyauta ta daina kuka don ba ta da ƙarfin yi, Gwamma ta ɗauki ƙwarya ta shiga daji.

Can cikin wani kwari ta iske itacen kanya, 'ya'yansa sun nuna. Ta miƙa hannu ke nan sai ta ji murya daga cikin ɗan kanyar: "Baiwar Allah, gidana za ki tsinke." Ashe tsutsa ce, ba ta kai ƙwayar gero ba.

Gwamma ta ce, "Yi haƙuri, 'ya'yana ne ke mutuwa."

Tsutsa ta ce, "Ni ma da nawa, kowane ɗan kanya da ɗaya a ciki. In kin kwashe, ina za mu zauna?"

Gwamma ba ta da rumbu, ba ta da akuya. Ta ce, "Ba ni da masauki sai bakina."

"Na karɓa. Amma 'ya'yana a bakin 'ya'yanki, jikokina a bakin jikokinki."

Jikokin nan Gwamma ba ta taɓa ganinsu ba, Kyauta kuwa ta baro ta kwance kan tabarma. Ta ce, "Na yarda. Sai dai abin da muka bari a baki kaɗai za ku ci. In baki ya yi tsabta, ku kwanta."

Tsutsa ta ce, "To. Amma in aka bar mana zaƙi, mu haɗa da haƙorin."

Yaran suka ci kanya, suka rayu. Da haƙoran Gwamma suka fara hujewa, ta daure, ba ta faɗa wa kowa ba. Sai ranar da jikarta ta shigo riƙe da kumburarren kumatu, tsohuwa ta fashe da kuka. Ta tara zuriyarta, ta ba su labari, ta yanko aswaki ta miƙa wa kowa, ta ce su yafe mata.

Kyauta ta kama hannunta ta ce, "Inna, da ba ki yarda ba, da babu bakin da zai yi ciwon."

Shi ya sa har yau zuriyar Gwamma suke gadon ciwon haƙori, kuma uwa a gidan ba ta barin ɗanta ya tashi daga cin zaƙi bai goge baki ba.