Sunan da Manu Ya Ƙi Kira

A shekarun da ake fasa dutse a gefen Rano don shimfiɗa hanyar mota, an yi wani lebura mutumin Kahu, ana ce masa Manu. Ƙarfi kam Allah ya ba shi, guduma a hannunsa kamar muciya. Aibinsa ɗaya ne, riƙo. In ka taka shi da rani, har damina yana ɗingishi.

Ma'aikatan wurin suna da wata al'ada. Kafin a kunna nakiya, kowa zai kira sunan abokin cin tuwonsa, sai ya amsa daga maɓoya, sannan heluma Mato, shugaban leburorin, ya ce a kunna. Abokin Manu shi ne Ishiyaku, mutumin Fassi, mai yawan zolaya.

Wata rana Manu ya kai wa dutse duka ya kuskure. Ishiyaku ya ce, "Malam Manu, dutsen ne ya goce?" Aka yi dariya. Manu ya rantse sunan Ishiyaku ba zai ƙara fita daga bakinsa ba, ya raba akushi. Ishiyaku ya kawo masa goro, ya ƙi karɓa.

Mato ya ce, "Ku shirya. Gaba da nakiya ba sa zama wuri ɗaya."

Manu ya ce, "Ni ban yi faɗa da kowa ba."

Ana nan, ran nan aka dasa nakiya. Kowa ya kira nasa, Manu ya yi gum.

Mato ya ce, "Manu, naka fa?"

Manu ya hango wata jar hula irin ta Ishiyaku bayan tsamiya, ya ce, "Ga shi can."

Ashe hular wani ce. Ishiyaku yana cikin ramin da aka dasa nakiyar, ya koma ɗauko gudumar da Manu ya manta. Tun da bai ji sunansa ba, ya ɗauka da sauran lokaci. Nakiya ta tashi.

Da ƙura ta lafa, Manu ne ya fara isa. Ya ciccibe shi cikin jini yana kuka, yana kiran "Ishiyaku, Ishiyaku" har muryarsa ta dishe. Ishiyaku ya rayu, amma kunnuwansa sun mutu. Har suka tsufa Manu yana kiran sunan nan, mai sunan sai dai ya dubi bakinsa.

Darasin shi ne, a wurin aiki mai haɗari ranka yana bakin ɗan'uwanka, nasa yana bakinka. In kun saɓa, ku shirya kafin ku ɗauki kayan aiki.