Rafin da Ya Kusa Kwashe Kansila

Unguwar Magina ba su taɓa zaɓen Kansila Bawa ba. Da aka zo gyaran iyakar mazaɓu, sai ya sa aka mai da rafi iyaka, aka wurga su mazaɓar Tsallake.

Tanimu mai haƙar rijiya, ɗan unguwar, ya je wurin Kansila kai kuka.

Kansila ya yi dariya ya ce, "Iyaka rafi take bi. In kuna son dawowa, ku ɗauke rafin ku mai da shi bayan gidajenku."

"Ranka ya daɗe, duk inda rafi ya bi, nan ce iyaka?"

"Duk inda ya bi! Ga shi a rubuce."

"Madalla. Bayanmu dutse ne, ba ya haƙuwa. Amma bayan gidanka yashi ne zalla, kwana uku ya ishe mu."

"Bayan gidana kuma?"

"To, tunda mun kasa dawowa wurinka, ai sai mu kawo ka wurinmu. Ka tsaya takara a Tsallake, ƙuri'unmu na jiranka."

Kansila ya fizgi taswira yana goge gumi. "Wane shashasha ne ya ja layin nan?"

Tanimu ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, biron ma yana aljihunka."