Majami'ar da Ba a Aza Mata Bulo Ba

Akwai wani magini, dattijo ne a ikkilisiya, ba ginin da ya gagare shi a garinsu. Ana nan sai matarsa ta rasu, hannunsa na dama kuma ya fara rawa har ya ajiye aiki. Tun daga nan ya daina addu'a. In an yi masa magana sai ya ce, "Ni Allah ɗauka kawai yake yi a wurina."

'Yarsa Keziya tana aikin jinya a ƙasar Habasha. Ta ji tsoro kada ubanta ya mutu da wannan ɗaci a zuciya, sai ta aika ya zo, ta kai shi wata tsohuwar majami'a a cikin duwatsu.

Suka cire takalma suka shiga. Da idonsa ya saba da duhun wurin, sai ga ginshiƙai sun miƙe, ga rufi can sama kamar an kifa ƙwarya. Bango kuwa cike yake da zane ja da ruwan ɗorawa: manzanni masu manyan idanu, mala'iku, a tsakiya kuma fuskar Almasihu tana dubansa. Tsigar jikinsa ta tashi.

Amma magini dai magini ne. Mutane na durƙusawa, shi yana shafa ginshiƙi da yatsu daga sama zuwa ƙasa, har da ƙwanƙwasawa.

"Baba, me kake nema?"

"Mahaɗi, 'yata. Inda dutse ya hau kan dutse. Ban taɓa ganin gini marar mahaɗi ba."

Keziya ta fassara wa wani tsohon firist da ke tsaye. Firist ɗin ya yi murmushi ya ce, "Gaya wa baba ba a kawo kome nan ba. Dutse ɗaya ne. Kakanninmu sara suka yi ta yi suna kwashewa waje. Ginshiƙin da yake shafawa abin da suka bari ne. Sai da aka fafe wurin kuma aka sami bangon da za a zana fuskar Ubangiji."

Maginin ya tsaya cik. Ya dubi faɗin ɗakin, ya gane duk inda mutane suke durƙushe wurin da aka cire wani abu ne. Ya dubi hannunsa mai rawa. Sai ya sulale ƙasa, hawaye na zuba, ya ce, "Ya Ubangiji, ashe ba ka daina aiki a kaina ba." Keziya ta riƙe hannun, suka yi addu'a tare.

Ma'anar wannan misali ita ce: dutsen nan zuciyar mutum ce, masassaƙin kuwa Allah ne. Mu mun saba ganin albarka a ƙari, ƙarin hatsi, ƙarin ƙarfi, ƙarin 'ya'ya. In aka rage mana sai mu ce an yashe mu. Ban ce sara ba ta da zafi ba, 'yan'uwa. Matar maginin ba ta dawo ba, hannunsa bai daina rawa ba. Amma Ubangiji yakan yi wa kansa mazauni a daidai inda aka fafe mu. Kai da aka ɗauke wa wani abu bana, kada ka toshe wurin da gunaguni. Shiga ciki ka durƙusa, za ka tarar Almasihu ya riga ka isa.