Mutumin da Ya Rubuta "Ta Kammala"

Ya 'yan uwa, a cikin garin nan namu na Dutse an yi wani mutum. Ba zan kama sunansa ba, domin iyalinsa suna nan da ransu, wataƙila ma wani nasa yana zaune a tsakaninku. Mutum ne mai tsafta, ɗan sahun gaba a masallaci. Ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata, ba a taɓa kama shi da kayan wani ba. Aikinsa tattara bayanai ne a wata cibiyar koyar da sana'o'i, inda manya da matasa daga Kiyawa da Buji da Kafin Hausa suke zuwa koyon ɗinki da walda da gyaran waya da haɗa sola.

A ido aikin ba shi da nauyi. Tebur ne da kwamfuta da tarin fom. Duk wanda aka ɗauka a cibiyar yana da layi guda: sunansa, lambar katinsa na ɗan ƙasa, garinsa, lambar wayarsa, sai gurbin ƙarshe inda ake rubuta yadda karatunsa ya ƙare.

Hukumar da ke kula da irin waɗannan cibiyoyi ta shimfiɗa ƙa'ida a kan gurbin nan na ƙarshe. Abu uku kawai ake rubutawa. "Ya kammala" na wanda ya cika wata shida ne, ya kuma yi gwajin hannu a gaban malaminsa. "Ya bari" na wanda ya tafi ba dalili ne. "Ya dakata" kuwa na wanda lalura ta tsayar ne, ciwo ko haihuwa ko jinya, kuma shi ana ajiye masa kujerarsa har ya dawo. Wanda ya kammala ba a sake ɗaukarsa, don a ba wasu dama. A ƙasan kowane shafi akwai inda jami'i yake sa hannu a ƙarƙashin jimla ɗaya: na shaida abin da ke sama gaskiya ne.

A shekararsa ta farko mutumin nan ya rubuta abin da ya gani. Da aka tara lissafin ɗalibai, waɗanda suka kammala da ƙyar suka haura rabi. Aka kira taron shugabannin cibiyoyi, aka karanta sakamakon kowa, nasu ya zo can ƙasa. Shugabansa ya dawo ransa a ɓace, ya tsaya a bakin ofishinsa ya ce, "Malam, wai kai kaɗai ne mai gaskiya a jihar nan?"

Iyakar abin da aka ce masa ke nan. Ba wanda ya ce ya yi ƙarya. Ba wanda ya miƙa masa ko sisi. Shi da kansa ya zauna ya fassara maganar yadda ransa ya so.

Shekara ta biyu ya fara da waɗanda suka yi wata biyar. Ai sun kusa, in ji shi. Daga nan ya gangaro kan masu wata huɗu, ya ce ai sun ga yadda ake yi. Kafin a je ko'ina hannunsa ya saba, duk layin da ya iso sai ya danna "ya kammala" bai ko ɗaga ido ya duba rajistar malamai ba. Gurbin da ya tarar babu komai kuwa, sai ya cike shi da ka, don kwamfuta ba ta karɓar fom mai giɓi, shi kuma ba ya son wahalar bin mutane.

Sakamako ya yi kyau. Cibiyarsu ta koma ta ɗaya. Aka ba shi takardar yabo ya rataya a bango, abokan aiki suka laƙaba masa Malam Ɗari-bisa-ɗari, yana dariya yana cewa su bari, alhali kansa sai ƙara kumbura yake yi. In zuciyarsa ta ɗan motsa sai ya lallashe ta. Wa na cuta? Me na ci na wani? Takarda ce kawai, can za ta je ta kwanta a cikin na'ura.

Ya 'yan uwa, takarda ce kawai? To ku saurara.

Akwai wata baiwar Allah mai suna Mu'minatu, daga wani ƙauye na ƙasar Buji. Ta samu shiga ajin ɗinki, ta sauka a gidan wata 'yar uwarta a nan Dutse. Sati uku kacal ta yi aka aiko mata mijinta ya faɗi a babur ya karye a ƙugu. Ta je ta gaya wa malamar ajin, Malama Hamida, ta tattara kayanta ta koma gida jinya. Wannan ita ce ainihin wadda aka yi kalmar "ta dakata" dominta. Mutumin namu ya iso layinta ya danna "ta kammala", ya wuce na gaba.

Bayan shekara guda ta dawo. Mijin ya tashi amma ba ya iya riƙe fartanya, gida kuma akwai yara huɗu. Ta bi layi tun hantsi, da aka zo kanta aka saka lambar katinta, na'ura ta ce wannan ta riga ta gama, ba a sake ɗaukarta. Aka nuna mata ofishin mutumin namu.

Ta cire takalmanta a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, an ce wai na kammala. Wallahi sati uku na yi. Ko taka keke ban gama iyawa ba, balle yanka."

Ya duba kwamfuta. Ya ga layin, ya kuma san hannun da ya rubuta shi. Gyaran bai fi aikin minti biyu ba. Amma ƙa'ida ta ce duk gyaran da za a yi wa layin da aka riga aka tura sai an rubuta wa hukuma dalili. In ya rubuta dalilin wannan, za a tambaye shi saura nawa ne irinsa. Ya dubi matar da ke durƙushe, ya dubi takardar yabon da ke bango, ya shafa wa idonsa toka.

"Malama, abin da ya shiga na'ura ya shiga. Ni ba ni da yadda zan yi."

"To a kira Malama Hamida mana, ta san ni. Ita na yi wa sallama da zan tafi."

"Ki yi haƙuri. Wasu ma nema suke yi su samu an rubuta musu sun kammala, ke kin samu a sama. Ki je ki gode wa Allah."

Ta ce, "Takardar ce za ta ɗinka min kayan mutane?" Ya mayar da idonsa kan kwamfuta. Ta miƙe ta sa takalmanta, ta ce, "Na bar ka da Allah." Ta fita, shi kuma ya tashi ya yi alwala ya tafi sallar azahar, ko a jikinsa.

Malama Hamida ta gamu da ita a bakin get tana share hawaye da gefen hijabi, ta ji abin da ya faru. Ta same shi ta yi masa magana, ya ce ta tsaya a kan kekunanta ta bar masa kwamfutarsa. Ta koma ajinta, amma ba ta manta ba.

Aka ƙara shekara biyu yana sheƙe ayarsa. Sai hukuma ta fito da sabon tsari: ba za a ƙara karɓar bayanan kowace cibiya ba sai an gwada su da rajistar da malamai suke kira a aji. Masu tantancewa suka iso ba sanarwa. Malama Hamida ta buɗe durowarta ta fito da littattafanta na shekara huɗu, kowace rana da alamar wanda ya zo da wanda bai zo ba. Aka ajiye su kusa da shafukan da ya sa wa hannu. Ba a yi awa guda ba asiri ya tonu. Akwai wanda aka rubuta ya yi gwajin hannu alhali an binne shi wata biyu kafin ranar gwajin.

Aka kira shugaban cibiyar. Ya ce shi bai taɓa umartar kowa da canja ko harafi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Sa hannun mutum ɗaya ne a ƙasan kowane shafi.

Aka kore shi. Aka soke bayanan cibiyar na shekarun nan gaba ɗaya, domin ba a iya raba na gaskiya da na ƙarya a cikinsu. Waɗanda suka yi wata shidansu da guminsu, suka ci gwajinsu, su ma takardunsu suka zama abin zargi. Wani mai haɗa sola da ya rasa aikin da aka kusa ba shi ya tare shi a kasuwa a gaban jama'a ya ce, "Malam Ɗari-bisa-ɗari, ni me na yi maka?" Sunan da yake jin daɗinsa a da ya zama abin da ake jifansa da shi. Ya bar sahun gaba ya koma can baya kusa da takalma, ana sallamewa yake ficewa.

A nan ne nadama ta zo masa. Ya je wurin Malam Falalu, wani dattijon malami a unguwarsu, ya zayyana masa komai yana kuka. Malam ya ce masa abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ƙofar tuba a buɗe take, amma haƙƙin bayi sai an mayar musu, ko su yafe da bakinsu. Ya umarce shi ya fara da matar da ta durƙusa a gabansa.

Allah cikin ikonsa, a daidai lokacin hukuma ta sanar cewa duk wanda aka rubuta masa "ya kammala" bisa zalunci an buɗe masa kujerarsa, ya zo cikin wata uku ya ci gaba. Aka ce a kira su ɗaya bayan ɗaya. Da mutumin ya ji haka sai ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya garzaya wurin wanda ya gaje shi ya roƙe shi a fara kiran Mu'minatu.

Aka buɗe layinta, aka buga lambar. Wani mai sayar da awaki ya ɗauka daga wata jiha, ya ce bai san wata Mu'minatu ba. A gurbin adireshi an rubuta "bayan masallaci, Buji". Sai a lokacin ya tuna. Ranar da aka ɗauke su layin mutane ya yi tsawo, ya kwafi suna da lambar kati kawai, sauran ya cike da ka da yamma. A duk layin nan lambar katin ce kaɗai gaskiya bayan suna, ita ce kuma ta rufe wa matar ƙofa. Littafin Malama Hamida suna ne kawai da alamar zuwa. 'Yar uwar da ta sauka a wurinta ba wanda ya san ko wace ce.

Ya hau motar Buji. Ya bi ƙauyuka a bayan ɗan acaɓa yana tambayar matar da mijinta ya karye a babur. Wace Mu'minatun? Wane masallacin? Ƙauye nawa ne a ƙasar Buji ba shi da masallaci, kuma wane masallaci ne ba shi da baya? Ya je sau bakwai. Wata uku suka cika, aka ba wata kujerar.

Bai daina zuwa ba. Har ciwon da ya kwantar da shi ya kama shi, duk wanda ya zo dubiya daga wajen Buji sai ya riƙe masa hannu ya tambaye shi. Ya rasu bai same ta ba. Ita kuwa, in tana raye, har yau ba ta san an taɓa buɗe mata ƙofa ba.

Ya 'yan uwa, malamanmu sun karantar da mu cewa shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Mu kuma mun ɗauka shaidar zur sai a gaban alƙali, sai an ɗaga hannu an rantse. Wa ya gaya mana haka? Kai da kake cike rajista a makaranta, kai da kake ƙirga masu zuwa asibiti, ke da kike rubuta sunayen waɗanda suka halarci bita, duk lokacin da kuka sa hannu a ƙasan shafi shaida kuka bayar. Kowane layi mutum ne, da 'ya'yansa da cikinsa da abin da yake fata.

Ƙa'idar nan da muke raina wa, muna cewa tsirfar 'yan ofis ce, ita ce katangar mai rauni. Mai hanya ba ya bukatarta, in an rufe masa ƙofa zai shiga ta taga. Irin su Mu'minatu ba su da kowa sai kalmar da ka rubuta a gaban sunansu. In ba ka sani ba, ka tashi ka tambaya. In ka yi kuskure, ka gyara tun mai haƙƙin yana tsaye a gabanka, domin ba kullum ake sake ganinsa ba.

Kuma ku tuna mu ma ana cike mana namu littafin. Masu rubuta shi ba sa gajiya da tsawon layi, ba sa cikewa da ka, ba sa neman yabon kowa. Ranar da za a buɗe shi mutumin nan zai ga Mu'minatu ba tare da ya tambayi hanya ba, sai dai a ranar ba a biya da ban-haƙuri.

Ya Allah ka tsare hannayenmu daga rubuta abin da idanunmu ba su gani ba. Ka haɗa mu da waɗanda muka zalunta tun muna da bakin neman gafararsu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.