Motar Ɗanliti Ta Daina Neman Turi

Akwai wani mutum a Tafoki, cikin ƙasar Faskari, ana ce masa Ɗanliti. Zamanin Udoji ne, lokacin da kuɗi suka ɓarke a ƙasa, sababbin motoci suka cika hanyar Funtua.

Ɗanliti manomin auduga ne. Shekarar da kaka ta yi masa kyau ya sayi wata tsohuwar Bitil, irin wadda ake ce wa kunkuru, a hannun wani malamin gona da ya yi ritaya. Ba don gayu ya saye ta ba. Matarsa Barakatu sau biyu tana haihuwa a gida ɗan bai zo da rai ba, kuma a na biyun ita ma da ƙyar ta sha. A asibitin Funtua aka ja masa kunne: in ta sake samun ciki, da naƙuda ta fara a kawo ta. To ga shi Allah ya sake ba ta.

Motar aibinta ɗaya. Batirinta ɗan bolt shida ne, irin na da. Da safe in ya murɗa makulli sai ta yi gurnani ta yi shiru.

Shi ya sa kullum yake ajiye ta a kan tudu, gindin durumin da dattawan unguwa ke zama. Da an fito masallaci, Baba Barau, maƙwabcinsa kuma abokin mahaifinsa, zai ce:

"To, ku taso mu sallami kunkuru."

Mutum biyar, shida, su dafa ta su gangara da ita, ta tashi. Wanda zai je kasuwa ya shiga, mai saƙo ya ba da saƙonsa. Har tsiya suke masa, wai motarsa ba fetur take sha ba, gumi take sha. Shi ma dariya yake yi.

Ranar da dariyar ta ƙare, a Faskari ne. Motar ta ƙi tashi a bakin kasuwa, ga wasu 'yan kwangila tsaye jikin sababbin motocinsu. Ɗaya ya ɗaga murya:

"Malam, a kawo maka jaki ya ja ta?"

Aka kwashe da dariya. Wallahi maganar nan ta shige shi har ɓargo. Da ya samu aka tura masa ita ta tashi, bai zame ko'ina ba sai garejin Malam Nata'ala, tsohon riwaya, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran wutar mota.

"Malam, so nike a mai da ta mai bolt sha biyu, kamar sababbin nan. Na gaji da roƙon mutane."

Malam Nata'ala ya buɗe bayan motar ya duba inji.

"Ana yi," in ji shi. "Amma ba batir kaɗai ake canzawa ba. Ƙwayayen fitila, da kwayil mai ba inji wuta, waɗannan ina da su. Saura dainamo, mai cika batir in mota na tahiya, da kat'awut ɗin da ke auna mishi wuta. Su sai an aiko daga Kaduna. Ka ba ni sati biyu."

"Sa abin da ke akwai yau. Sauran in sun zo na dawo."

"Ɗanliti, dainamon shida ba shi cika batirin sha biyu. Rumbu ne za ka riƙa ɗiba ba a zubawa. Ka ga 'yar jar fitilar nan ta gaban sitiyari? Za ta riƙa ci, tana gaya maka."

"Na ji. A dai sa."

Tsohon ya girgiza kai, ya sa. Abin haushin, motar sai ta tashi da taɓawa ɗaya, fir! Oda ta yi ƙara kamar ta babbar mota. Ɗanliti ya shigo Tafoki yana danna ta tun daga bakin gari.

Washegari Baba Barau ya ce a taso a sallami kunkuru. Ɗanliti ya ɗaga musu hannu.

"Ku huta, Baba. Daga yau ba na neman hannun kowa."

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa motar ba ta ɗaukar masu ƙafar taɓo kuma. Baba Barau ya dube shi, ya ce, "Allah shi kyauta," ya koma ya zauna.

Ranar nan Ɗanliti ya ɗauke motar daga gindin durumi. Ya kafa mata rumfa a bayan gidansa, can cikin kwari, hancinta na kallon katanga. Ai mai tashi da makulli ina ruwanta da gangara?

Sati biyu suka cika. Malam Nata'ala ya aiko cewa dainamo ya iso. Ɗanliti ya ce sai ya samu sarari. Jar fitilar ta dame shi da ci, sai ya yanki takarda ya manne ta. In ya shiga Funtua ya ba masu caji batirin su cika masa, shi a ganinsa ya yi wa tsohon wayo.

Barakatu ce kaɗai ba ta yi shiru ba.

"Maigida, watana ya tsaya. Don Allah ka koma wajen Malam a ƙarasa aikin nan. Ni tsoro nike ji."

"Ke, mi kika sani game da mota? Kin taɓa jin ta ƙi tashi?"

Ta ci gaba da ninke 'yan tsummokaran jariri da ta tanada.

Damina ta yi nisa. Aka yi kwana uku ana ruwa, bai leƙa Funtua ba. A rana ta huɗu Baba Barau ya kira gayya a gonarsa ta bayan rafi, tafiyar kusan mil biyu. Maza duk suka tafi da fartanyu, mata suka bi da fura da tuwo. An gaya wa Ɗanliti, ya ce yana da abin yi.

Da hantsi naƙuda ta zo, kuma da jini ta zo.

Ya ɗauki Barakatu cak ya kwantar a kujerar baya. Larai, tsohuwar unguwarzoma, ta shiga ta riƙe mata kai. Ya murɗa makulli. Motar ta yi gurnani sau ɗaya. Ya sake murɗawa, ƙas, ƙas, shi ke nan. 'Yar wutar da ta rage za ta iya tada inji in an tura, amma ba za ta juya shi da kanta ba.

Ya fito ya dafa gaban motar, don da baya za ta fita, kuma hawa ne, ga taɓo. Ya tura har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ta matsa taku ɗaya ta dawo. Ya ruga gindin durumi, babu kowa. Ya bi gida gida, sai tsofaffi da goyo.

Allah sarki. Haka ya yanki daji da gudu, ba hula, takalmi ɗaya ya maƙale a rafi. Yana isa gonar ya faɗi a gaban Baba Barau.

"Baba, Barakatu... motar... ku taimake ni!"

Jama'a, ko mutum ɗaya bai tuna masa maganarsa ba. Fartanyu kawai aka zubar. Mutum fiye da goma suka biyo shi a guje, har da Baba Barau da tsufansa. Suka ciccibo motar daga kwarin nan kamar za su ɗauke ta a ka, suka hau da ita tudu, suka gangara. Ta tashi.

Amma zuwa da dawowa da fito da ita sun cinye fiye da awa guda.

Sun wuce Mairuwa kaɗan Larai ta dafa kafaɗarsa.

"Ɗanliti, rage gudu."

"Mun kusa, Inna! Ga Funtua can!"

"Rage gudu, ɗana. Sai haƙuri."

Ya tsaya a gefen hanya. Bai iya kashe motar ba, don in ta mutu babu mai tura ta. Haka ya kifa kai a sitiyari yana kuka kamar ƙaramin yaro, inji na ta aiki.

Da la'asar aka yi jana'iza, uwa da abin da ke cikinta. Mutanen da suka tura motar su suka haƙa kabarin, taɓon gona bai ma bushe a ƙafafunsu ba. Ɗanliti ya kama hannun Baba Barau zai yi magana.

"Bari," in ji tsohon. "Mu mun yafe tun a gona. Je ka roƙi Allah."

Darasi: Rai na Allah ne, amma sakaci namu ne. In mai sana'a ya ce aiki bai ƙare ba, to bai ƙare ba, kada daɗin rabin gyara ya ruɗe ka. Kuma duk ranar da ka ji bakinka na shirin cewa ba ka neman kowa, ka kama shi, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda ya manne tasa jar fitilar yana jiran sai ya samu sarari.