Buhun Wake Shida da Sunaye Biyar

Ranar Litinin, tara ga watan Mayu na shekarar 2022, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, Malam Mu'azu ya shiga wani ƙaramin banki da ke kusa da kasuwar Mubi. Shekarunsa hamsin da tara, kuma bai taɓa zama gaban wani mahaluki don neman rance ba sai ran nan.

Mutumin Sabon Layi ne. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Katsina da fatauci, ya ga wuri ya zauna. Shi kuwa ya tashi cikin cinikin hatsi, har ya kai yana loda motar wake biyu a mako. Ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba. Aibinsa guda ne: ba ya iya jira, kuma ba ya son a gan shi ƙarami. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo aka gudu aka bar garin, ya dawo ya tarar da sitonsa ya zama toka. Dukiyarsa duk a buhu take, ko sisi bai ajiye a banki ba. Tun daga nan sai teburin awo a bakin hanya, mudu da rabin mudu. Tsohon shagonsa kuwa an sake gina shi, ana ba da haya. Kullum ta gabansa yake wucewa, kullum yana kau da kai.

Ma'aikacin bankin, wani mai suna Abdullateef, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, nawa kake nema?"

"Dubu ɗari biyar. In kama shagona, in zuba kaya."

Abdullateef ya karɓi katinsa, ya danna lambobi, ya daɗe yana duba. Sa'an nan ya ce, "Baba, kwamfuta ba ta san ka ba."

"Ba ta san ni ba? Leƙa waje ka tambayi kowane ɗan dako wane ne Mu'azu mai wake. Shekara arba'in ina kasuwar nan, ban taɓa cin bashin kowa ba."

"To ai matsalar ke nan, Baba. Wanda bai taɓa karɓa ba, ba mu da shaidar yana biya."

Ya yi masa bayani dalla-dalla. Tsani ne mai hawa huɗu. Za a haɗa shi da mutum huɗu su zama ƙungiya, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa. Rancen farko dubu talatin, a biya cikin mako ashirin da huɗu. Na biyu dubu sittin, na uku dubu ɗari da hamsin. Sai a hawa na huɗu ne ake maganar dubu ɗari biyar. Kowane biya ana rubuta shi, kuma duk bankuna suna iya gani.

Malam Mu'azu ya ƙirga da yatsa. Hawa uku kafin na huɗu, shekara ɗaya da rabi ke nan in ba a sami tangarɗa ba. Ya ɗauki hularsa zai tashi, sai ya tuna da ƙofar shagon nan. Ya zauna, ya dangwala yatsa.

Ana taron ƙungiyar kowace Alhamis da ƙarfe huɗu, a ƙarƙashin mangwaron gidan Susana. Susana gwauruwa ce mai suyar ƙosai, kowa Maman Eva yake ce mata, kuma ita ce shugaba. Burinta firji, don ta riƙa sayar da zoɓo da kunun aya ta biya wa Eva makaranta. Akwai Vandi mai faci, wanda ke mafarkin injin ba da iska. Akwai Habibat mai ɗinki, da Dijatu mai sayar da nono da ke zuwa daga Mugulbu. A kan tabarma ɗaya suke zama, kowa ya ajiye naira dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, da ɗari biyu na asusun ko-ta-kwana.

"Manyan gari!" in ji Vandi duk sa'ad da Malam Mu'azu ya shigo. "A matsa wa Baba, motar wake za ta faka."

Sauran su yi dariya. Shi ma ya yi murmushi, amma abin yana cinsa. Duk da haka, mako ashirin da huɗu bai yi lattin ko minti ɗaya ba. Ranar uku ga Nuwamba Abdullateef ya juya masa waya ya nuna masa layi ɗaya a ƙarƙashin sunansa: ya karɓa, ya biya. Ya ce, "Ka ga, Baba? An fara."

Layi ɗaya, bayan wata shida. A wannan makon kuwa sabon wake ya fara shigowa, da araha. Malam Mu'azu ya san wake kamar yadda ya san 'ya'yansa. Ya san abin da aka saya a Nuwamba, in aka riƙe shi zuwa Afrilu, kuɗinsa kan kusan ninkawa.

Ranar da aka ba kowa dubu sittin, bayan Abdullateef ya tafi, ya gyara murya.

"Jama'a, dubu sittin ba ta sayen injin iska, ba ta sayen firji. Ku haɗa mini naku, in sayi wake a Belel. Biyan mako ni zan riƙa yi wa kowa. In Afrilu ta zo mu raba riba, kuma sunan kowa ya fito fes a kwamfuta."

"Baba," in ji Susana, "takardar da muka sa wa hannu ta ce kowa ya juya nasa a sana'arsa."

"Maman Eva, ina cinikin wake tun ba a haifi mai takardar ba."

"Na sani. Amma wake yana barci a buhu, Alhamis kuwa ba ta barci."

Vandi ya yi dariya ya ce, "Maman Eva, in tsohon direba ya ce ya san hanya, ai sai a shiga mota." Ya miƙa nasa. Habibat ta miƙa. Dijatu ta daɗe tana kallon ƙullin zanenta, sa'an nan ta kwance. Susana ta soke nata a ɗankwali, ta ce ita ba ta ciki. Amma ba ta gaya wa banki ba, don tana jin nauyin furfurarsa.

Dubu ɗari biyu da arba'in suka taru a hannunsa. Ya tafi Belel ya sayi buhu shida, kowane a kan dubu talatin da shida. Dubu ashirin da huɗu da suka rage suka tafi a mota da 'yan dako da shingayen hanya. Mai sayarwar ya ce masa, "Malam, ka rage buhu ɗaya, ka sayi buhunan leda masu ruɓi uku, saboda ƙwari." Ya ce a'a, ya san yadda ake ajiyar wake. A ransa kuwa buhu biyar ya yi masa kama da kayan ƙaramin ɗan kasuwa. Ya barbaɗa toka da barkono, ya jera su a ɗakin soro, ya kulle.

Sai Alhamis ta fara zuwa. Dubu goma kowane mako, na mutum huɗu, alhali teburin awonsa in ya yi ciniki sosai dubu shida yake kawowa. Mako na uku ya sayar da rediyonsa. Mako na biyar, kekensa. Mako na takwas, akuyoyin gidansa biyu. A mako na goma sha ɗaya ya zo taro da dubu huɗu, ya ce a yi masa haƙuri. Mako na goma sha biyu bai zo ba.

A cikin Fabrairu, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya a ƙasa, ya yanke shawarar ya sayar da buhu biyu ko da faɗuwa. Ya buɗe ɗakin soro da hantsi. Tun kafin ya taɓa buhu ya ji ɗumi da wani ɗan motsi kamar yayyafi a kan kwano. Ya zura hannu ya damƙo. Kowace ƙwayar wake da huda biyu ko uku, gari yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na shida. Ya zauna a kan dakali har azahar. Wani mai kiwo ya saye su duka a kan dubu saba'in.

Alhamis ɗin da ta biyo, Abdullateef ya zo taro da kansa. Ya ce wa Vandi, "Ina kayan facin da ka ce za ka ƙaro?" Vandi ya dubi ƙasa. Ya tambayi Habibat yadin da ta saro, ta fashe da kuka. Nan gaskiya ta fito. Malam Mu'azu ya miƙe ya ce laifin nasa ne shi kaɗai, a rubuta a kansa.

"Baba, ba ni nake rubutawa ba. Sunan da ya karɓa, shi ake bi."

Aka kwashe asusun ko-ta-kwana, aka haɗa da kuɗin waken, bai rufe ramin ba. Aka rushe ƙungiyar, aka sa wa sunaye biyar ɗin alama. Susana, wadda ba ta taɓa fashin mako ɗaya ba, ita ma aka rufe mata hawa na uku, don ta tsaya musu.

Ya je gidanta neman gafara. Ya same ta tana wanke wake. Ba ta ɗaga kai ba.

"Maman Eva, ke ba ki ba ni ko sisi ba."

"Na ba ka shiruna, Baba. Ya fi dubu sittin tsada."

Bayan shekara guda, ranar wata Talata, ya sa babbar rigarsa ya tafi wani banki dabam a can ɗaya gefen gari, inda yake zaton ba a san fuskarsa ba. Ya ce dubu talatin kawai yake so, zai fara daga ƙasa, zai jira ko shekara nawa ne. Matar da ke kan teburin ta danna lambobinsa. Ba ta daɗe tana duba ba.

"Ko kwamfutar ba ta san ni ba ne?" in ji shi, a hankali.

Ta ce, "Ta san ka, Baba."

Ga waɗanda suka rage bayan haka. Vandi ya bar faci, ya tafi Yola aikin leburanci, ba a cika jin labarinsa ba. Habibat ta sayar da keken ɗinkinta ta biya, yanzu a shagon wata take ɗinki a raba. Dijatu ta daina shigowa Mubi. Abdullateef an mayar da shi wani reshe. Eva ta tsaya a aji huɗu na sakandare, ita ke juya ƙosai da safe. Susana tana nan, ba firji. Malam Mu'azu yana nan a bakin hanya da mudu da rabin mudu, yana aika wa banki dubu ɗaya duk makon da ya samu. Shagon kuwa wani mai sayar da wayoyi ya kama shi.

Darasin wannan labari shi ne: suna a takarda kamar ginin ƙasa yake, sai sahu ya bushe ake ɗora wani. Wanda ya fara da girma, kada ya ji kunyar ƙaramin rance ko zama tabarma ɗaya da waɗanda yake ganin ba su kai shi ba. Ya karɓi abin da sana'arsa za ta iya biya kowane mako, ya biya a kan lokaci, ya jira. Kada ya karɓi kuɗi da sunan wani, kada ya ara wa wani nasa, kuma in ya ga ana shirin yin haka kada kunya ta rufe masa baki. Farar takarda ana iya cika ta da sannu. Wadda aka ɓata kuwa, sau da yawa shekarun da suka rage wa mutum ba sa isa ya goge ta.